Idon Raƙiya Ya Ƙi Kallon Malam

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun safe wai ina ci gaba, na ji, ga shi. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Raƙiya ta cika taurin kai, ta faɗi gaskiya ta huta mana, ina jin ba ki taɓa goya ɗa ba. Karanta wannan tukuna.

*

Da hantsi motar Takanamat ta sauke Raƙiya a tashar garin Tawa, ita da ɗiyarta Ummul Kulsum. Ɗan kabu-kabu ya kai su cibiyar da ke horar da malaman ƙauye ta tablet. Ba da son ranta ta zo da yarinyar ba, innarta Kande ce ta tafi biki Kalfu, babu wanda za ta bar wa.

Ta zaunar da ita a kan benci a baranda, ta ɗora mata ledar masa a cinya.

"Ki zamna nan. Ko wa ya kira ki, kar ki tashi."

"To Mama."

Ta gyara hijabinta ta yi sallama a ƙofar buro, wato ofishin cibiyar.

Zalika ce ta amsa, matashiyar da cibiyar ta ɗauko don ta auna ko darussan da ake tura wa malamai sun fi ƙarfin kansu. Ita ce ta je Takanamat watan jiya da wata ƴar siririyar na'ura baƙa, ta manna ta a ƙasan tablet, ta ce kowa ya yi karatunsa yadda ya saba. Na'urar tana bin ido, ta ga inda ya tsaya da inda ya gudu, ta ƙirga ƙiftawa, ta auna ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido. A lokacin malamai sun yi ta dariya, wani ma ya ce a tambaye ta ko tana ganin wanda bai yi sallar asuba ba.

Yau dai babu dariya.

"Madan Raƙiya, sannu da hanya. Zamna nan kusa da ni."

Raƙiya ta zauna a bakin kujera. A gefe Tanimu, mai kula da injinan cibiyar, yana ta haɗa wayoyi, ya gaishe ta bai ɗago ba.

Zalika ta juyo da ordinatar, wato kwamfutarta, wajen Raƙiya.

"Ba ni son in ja maki rai. Duba nan. Wanga darasin Faransanci ne, na Madan Salamatu. Kin ga jan nan? Inda idonki ya daɗe ke nan. Ga shi bisa fuskarta, ga shi bisa rubutu. Lahiya lau, kamar na kowa."

Ta danna.

"Wanga kuma darasin lissahi ne, na Malam Isufu."

Hoton tsohon ya cika allon, da farar hularsa da tabarau. Kafin Raƙiya ta ankara kanta ya sunkuya.

"Yawwa," in ji Zalika. "Abin da kika yi yanzu, shi na'ura ta gani."

Raƙiya ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ɗaga ki duba. Ko ɗigon ja babu bisa fuskarshi. Babu bisa tabulo, allon da shike rubutu. Duk jan ya taru can ƙasa, bakin tebur. Wani lokacin ma na'ura ta neme ki ta rasa."

"Ina saurare ai."

"Ban gama ba. Ɗan lokacin da ta kama idonki, ɗigon tsakiyar ya buɗe sosai. In karatu ya yi ma mutum nauyi, ƙwaƙwalwa na wahala, haka ɗigon ke buɗewa. Naki ya hi na kowa cikin malamai duka."

"To sai mi?"

"Sai ga jarabawa ta hito, ke ce ta ɗaya a lissahi."

Tanimu ya yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa. Zalika ta harare shi, ya koma kan wayoyinsa.

"Dirakta ya ce abu biyu ne. Ko dai darasin ya hi ƙarhinki, sa'a kika yi a jarabawa, a maida ki rukuni na biyu ki jira baɗi. Ko kuma akwai takarda bisa cinyarki da kike dubawa, kin saba da ita har ranar jarabawa."

Ran Raƙiya ya ɓaci, ɓaci na gaske.

"Takarda? Ni?"

"Ba ni na ce ba."

"Amma ke kika kawo mai hoton."

"Aikina ne in kai."

"Malama, yara nike koya ma kar su yi satar amsa. Da hannuna nike karɓe takarda in na kama. Yau ni za a ce ma haka?"

"Shi ya sa na ce a kira ki kahin a yanke. Da na so, da sai dai ki ji saƙo."

Raƙiya ta san gaskiya ce.

Ko wanne aka zaɓa cikin biyun, ita ta san inda zai kai ta. An riga an faɗa musu tun farko, malamin kwantiragi da bai samu takardar horon nan bana ba, ba za a sabunta masa aiki ba. In babu aiki, babu ɗakin da ke bayan lakwal, makarantar da take koyarwa a Takanamat. Sai ta kwaso kaya ta dawo Tawa gidan kawunta da ke bayan kasuwa, gidan da fataken Maraɗi ke sauka kowane mako. Su kuwa fatake, idonsu a kan kaya yake, kunnensu a kan gidan mutane. Ba za a yi sati biyu ba labari ya kai Maraɗi cewa Raƙiya tana da ɗiya, ga kuma shekarunta.

Don wanda bai sani ba, Malam Isufun nan da ke cikin tablet mutumin Maraɗi ne, kuma surukinta ne. Uban Sadisu ne, mijin da ya sake ta cikin fushi wata rana tsohon ya yi tafiya. Ta dawo Adar, yankinsu na Tawa, tana cikin idda ta ga ashe da ciki ta taho. Ta ɓoye, da farko don kar a mayar da ita ɗakin da ta fito da kuka, daga baya kuma don tsoro. Ni ban ce ta yi daidai ba. Amma yarinya ta shiga shekara ta shida, ta wuce yaye, ta wuce goyo, kuma an ce har yau Sadisu bai sake samun haihuwa ba. Ranar da suka ji, ranar za su zo da mota, babu alƙalin da zai ce musu a'a.

"Madan Raƙiya."

Ta ɗago.

"Ki taimake ni in taimake ki. Mi ke akwai ƙasan teburin?"

"Babu komi. Ƙahwata ce."

"To mi ya hana ki dubi allo?"

Raƙiya ta murza bakin hijabinta.

"Kunya."

"Kunyar wa?"

"Dattijo ne. Ya haihe ni."

Zalika ta jingina da kujera.

"Hoto ne hwa. Ba ya ganinki."

"Hoton ma shi ne."

"Na sani. Ni ma ɗiyar Tawa ce, ba daga sama na hwaɗo ba. Mata da yawa sun yi haka a darasin hwarko, na rubuta shi ma cikin aikina. Amma zuwa darasi na uku duk sun saba, suna kallonshi kamar telebijin. Ke kaɗai ce har ƙarshe. Kuma kunya na sadda kai, ban taɓa ganin ta buɗe ɗigon ido haka ba."

"Mi ke buɗe shi in ba karatu ba?"

"Duhu. Ko tsoro. Ɗakinku kuwa da haske."

Raƙiya ta kawar da kai.

Zalika ta rage murya, ta ce wa Tanimu ya je ya duba ko rezo, wato layin intanet, ya dawo. Da ya fita ta matso da kujerarta.

"Na'urar ga ba ta san zuciya ba, ido kaɗai ta sani. Ni ce ke hwassara abin da ta gani, kuma ba ni son in hwassara ƙarya a kanki. Kin san Malam Isufu?"

Wallahi saura kaɗan ta faɗa. Maganar ta zo mata har baki. Shekaru tana ɗauke da ita, daga ita sai Inna Kande, ga kuma mace ƴar'uwarta tana tambaya da murya mai sanyi.

Sai Zalika ta ƙara da cewa, "In wani abu ne tsakaninku, ni zan iya yi mai magana. Kamar uba shike gare ni, jiya ma mun daɗe a waya."

Raƙiya ta haɗiye maganarta.

"Ban san shi ba."

"Ko kaɗan?"

"A tablet na hwara ganinshi."

Da wannan kam akwai ƴar gaskiya a ciki, don duk zamanta a gidansa ba ta taɓa duban fuskarsa ba. Takalmansa ta sani, da bakin rigarsa, da muryarsa. Shi ne da ya ji ta bar lakwal a aji na uku na kwaleji ya ce ba a gidansa ba. Kullum bayan la'asar yana kan kujerarsa a tsakar gida, ita tana durƙushe gefen tabarma da alli da ɗan allo, kanta a ƙasa, yana faɗa tana rubutawa. Da kunne ta koyi lissafi a wajensa, har ta ci jarabawar da ta ba ta aikin koyarwa. Shi ya sa ranar da aka kunna tablet a Takanamat ta ji muryar, jikinta ya koma yadda ya saba, kuma ba ta rasa ko kalma ɗaya ba.

Zalika ta daɗe tana kallonta.

"To. Tunda ba ki san shi ba, ba ni da abin da zan kai ma dirakta."

"A sake gwada ni."

"Mi?"

"A sake gwada ni yau. Ki ɗauke teburin, ki duba cinyata, ki duba hijabina. In kallo kuke so, zan kalla."

"Kin tabbata? In anka sake kuma ya hito kamar na hwarko, ni kaina ba ni iya tare maki."

"Na tabbata."

Zalika ta ɗan yi tunani tana buga biro a haƙori.

"Amma ba da darasin da kika taɓa gani ba. Abin da kai ya sani ba ya yi mai nauyi, awon ba zai yi daidai ba. Sai sabo."

"Ko wane iri ne."

"Bari in gani ko za a samu."

Ta ɗauki wayarta ta fita. Raƙiya ta bi ta da ido har ƙofa, ta leƙa baranda. Ummul Kulsum tana nan inda aka ajiye ta, ta cinye masa, tana lilo da ƙafafu tana yi wa wata akuya magana. Raƙiya ta ji tausayin kanta ya kama ta. Ta ce a ranta, darasi ɗaya ne, hoto ne, in don yarinyar nan ne ko rana aka ce ta kalla za ta kalla.

Ba a jima ba Zalika ta dawo tare da Tanimu.

"Kin yi sa'a. Rezo ya dawo, kuma an samu darasin. Zo ɗakin ga."

Ɗakin ƙarami ne, an ja labule rabi don haske ya daidaita. Babu tebur a gaban kujerar, sai babban allo a kan ƙarfe, ƴar na'urar a manne a ƙasansa. Raƙiya da kanta ta kakkaɓe hijabinta, ta buɗe tafin hannu biyu ta nuna.

"Ba sai kin yi haka ba," in ji Zalika.

"Sai na yi. Malam Tanimu, kai ma ka gani."

"Na gani, Madan."

Ta zauna. Tanimu ya gyara tsayin allon daidai fuskarta, ya rufe duk ƙananan tagogin da ke gefen allon, wai kar su ja mata ido.

"Wani ɗigo zai hito," in ji Zalika. "Ki bi shi da ido, kar ki juya kai."

Ɗigo fari ya fito a tsakiya, ya tafi sama, ya gangara kusurwa, ya tsallaka ɗaya gefen. Raƙiya ta bi shi.

"Madalla, ta kama ki. Daga yanzu sunanki lamba sha bakwai, ba mu ba kowa sunan wanda muke aunawa. Kar ki yi magana, kar ki motsa, sai in an tambaye ki. Kin shirya?"

"Bismillah."

Allon ya yi baƙi, sannan ya kawo.

Ga shi nan. Ba a gaban tabulon da ke cikin darussan tablet ba, yau a wani ɗaki yake, da ɗan farin allo a gefensa da kalanda a bango. Ya yi sallama. Raƙiya ta amsa a zuci kamar kullum.

Wuyanta ya fara sunkuyawa da kansa. Ta cije leɓe ta tayar da shi.

Ta dube shi.

Ashe haka yake. Ashe yana da tabo a gefen gira. Ya tsufa fiye da muryarsa, gemun ya yi fari tas, kuma in zai fara jimla sai ya ɗaga gira ɗaya ya ɗan karkata kai. Wannan ɗaga girar kullum Raƙiya tana ganinta a gida, duk lokacin da Ummul Kulsum za ta yi tambaya.

"Yau za mu ga yadda ake koya ma yaro rabo in abin bai rabuwa daidai," in ji Malam Isufu. "Tiya uku ta hatsi, gida huɗu. Kar ki hwara da alli. Yaron ƙauye ya san tiya tun kahin ya san lamba."

Ya juya yana zana kwano uku a allo.

A bayanta ta ji Zalika tana raɗa wa Tanimu, "Ja ya hau bisa fuska. Ga shi ya koma rubutu."

"Ɗigon hwa?"

"A buɗe shike. Amma bari mu gani."

Idon Raƙiya ya fara yaji. Zufa ta tsattsafo mata a ƙarƙashin hijabi tana gangara ta bayan kunne. Ji take kamar ta shiga masallaci da takalmi. Duk tarbiyyar da aka yi mata tana ce mata sadda kai, mara kunya, uban mijinki ne. Ita kuwa tana ce wa kanta hoto ne, an ɗauka an ajiye, mai shi yana can Maraɗi bai san ma tana duniya ba.

Sannu a hankali lissafin ya ja ta. Ya raba kowane kwano gida huɗu, ya ɗauki kashi ɗaya daga kowanne ya tara. Ta gane inda zai je tun kafin ya kai. Numfashinta ya daidaita.

"Yana sauka," Zalika ta raɗa, da jin daɗi a muryarta. "Tanimu duba, yana sauka."

Malam Isufu ya ajiye abin rubutu ya juyo.

"To Malama, in ke ce gaban yara, wani ya ce miki gidansu ya hi yawan mutane, bai yarda da rabon ba, mi za ki ce mai?"

Raƙiya ta yi shiru. Haka yake yi a duk darussan tablet, ya yi tambaya, ya ɗan dakata, sannan ya ba kansa amsa. A Takanamat babu rezon kirki, a ɗan katin memori ake kawo musu darasi, kowa ya san in Malam ya yi tambaya sai a jira shi.

Ta jira.

Shi ma ya jira.

Ya gyara tabarau ya matso da fuskarsa.

"Ko ba a jina ne? Zalika, muryata na zuwa?"

Raƙiya ta ji sunan Zalika a bakinsa.

"Tana zuwa, Baba," in ji Zalika daga baya. Ta taɓa kafaɗar Raƙiya. "Amsa mana, an tambaye ki."

Raƙiya ta juyo a hankali.

"Wa... wa zan amsa ma?"

"Malam mana. Kai tsaye ne, shina Maraɗi shina ganinki. Ba mu da sabon darasi a ajiye, shi na roƙa ya yi muna ɗan gajere. Ai na ce miki rezo ya dawo."

"Malama mai shuɗin hijabi," in ji tsohon yana murmushi, "da ke nike. Tun ɗazu kin kahe ni da ido, na ce yau na samu ɗaliba. Kar ki ba ni kunya."

Bai gane ta ba. Ina zai gane ta, bai taɓa ganin idonta ba.

Da ta yi ta maza ta ba shi amsa a zaune, da murya a dake, wataƙila da an wuce wurin. Raƙiya ta san haka, har ta buɗe baki. Amma jiki ya riga hankali. Surukinta ne a gabanta, da rai, yana mata magana, ita kuwa tana kan kujera ta miƙe wuya. Ba ta san lokacin da ta zame ba. Kujerar ta yi baya ta bugi bango da ƙara, ita ta durƙusa a ƙasa, kai a sunkuye, hannu a kan gwiwa.

"Ina kwana, Baba."

Na'urar ta yi ƴar ƙara, alamar ta rasa ido. Tanimu ya miƙa hannu zai gyara, Zalika ta riƙe shi.



"Wa ke nan?" in ji Malam Isufu. Murmushin ya tafi. "Sake magana in ji."

Raƙiya ta toshe bakinta da hijabi.

"Zalika, sunkuyar da abin ɗaukar hoton ƙasa."

Zalika ta tsaya, ta dubi Raƙiya, ta dubi allo.

"Baba, ƙa'idar aikin ba ta bari in..."

"Ba sai kin sunkuyar ba. Na san durƙuson ga, na san gaisuwar ga. Raƙiya ce."

Hawaye suka zubo mata.

"Raƙiya, ɗiyata, ashe kina raye? Na aika Adar har sau nawa, kawunki ya ce kin yi nisa. Ashe koyarwa kike? Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi, allon nan bai tahi banza ba."

Murna yake yi tsakani da Allah. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Zalika ta durƙusa kusa da ita, fuskarta ta canja.

"Kin ce mini ba ki san shi ba," ta faɗa a hankali. "Da kin gaya mini, wallahi da ban kira shi ba."

"Kashe," Raƙiya ta raɗa. "Don Allah kashe abin ga."

Zalika ta ɗaga kai ta yi wa Tanimu alama. Shi kuwa Tanimu ya tsaya yana raba ido, don a ganinsa ba a kashe wa dattijo waya yana tsakiyar magana.

Ƙofa ta buɗe.

Ƙarar kujera ce ta kai baranda. Ummul Kulsum ta shigo da ledar masa a hannu, bakinta duk mai.

"Mama, kin hwaɗi?"

"Hita," in ji Raƙiya. "Koma waje."

Amma yarinya ta riga ta ga allo, kuma ba ta taɓa ganin mai girma haka ba. Ta zo ta tsaya daidai gabansa, inda kujerar take ɗazu.

"Lah, tsohon cikin tablet ɗin Mama."

Raƙiya ta kai hannu ta kamo rigarta. Yarinyar ta zille, a zatonta wasa ne.

Malam Isufu ya yi dariya. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a cikin aji, in ya ga yaro ba ya iya shiru.

"A'a, mun yi baƙuwa. Raƙiya, taki ce? Ashe kin yi aure, Allah ya sa albarka. Ke ƴar tsohuwa, kina zuwa lakwal?"

"Awo. Ajin Mama nike zama."

"To in kina zuwa lakwal, gaya mini sunanki yadda ake hwaɗi a aji."

"Tanimu, kashe!" in ji Zalika.

Tanimu ya daburce yana laluben waya.

Ummul Kulsum ta ajiye ledarta, ta haɗa ƙafa, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ɗaga murya yadda ƴan aji ke yi in baƙo ya shigo.

"Ummul Kulsum Sadisu."

Hannun Tanimu ya tsaya a kan wayar.

Tsohon bai motsa ba, har Zalika ta zaci rezo ne ya ɗauke. Sai ya sa hannu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya matso har fuskarsa ta cika allon.

"Shekarunki nawa?"

Yarinyar ta ɗaga yatsu biyar na hannu ɗaya, ta yi tunani, ta ƙara ɗaya daga ɗayan.

Leɓen Malam Isufu ya motsa, ba sauti. Lissafi yake, kuma Raƙiya ta san bai taɓa kuskure a lissafi ba.

Ya juya kansa gefe, wajen wani da ba a gani a allon.

"Kai, wa ke nan waje? Je shago ka ce ma Sadisu ya rufe ya zo yanzu. Ya zo da makullin mota."